Kafin ka sayi kwamfutar shago, fara neman wanda zai ɗaga wayarka

Ɗan kawuna ne ya jawo wannan rubutun. Ya buɗe ɗan shagon kayan masarufi na sari, littafin bashi ya fara fin ƙarfinsa, kayan da suka shigo da waɗanda suka fita duk sun cakuɗe masa, sai ya kirani da daddare yace Yaya dan Allah kwamfuta nake son saka wa a shago, HP zan saya ko Dell, kuma nawa zan ware. Nace masa kafin mu je nan, in ta tsaya ranar Asabar da yamma wa zaka kira? Yayi dariya yace haba Yaya ko sayenta ban yi ba kana mata fatan lalacewa. Nace ba fata bane, ai ba'a fafe gora ranar tafiya.

Ni dai shagon taifin da fotokwafi da buga katin biki nake dashi a nan Kano tun 2016, kuma kwamfutar da na fara saya wallahi da ido na saye ta ba da hankali ba. Ƙatuwa ce baƙa, gabanta da wata fitila shuɗiya, mai shagon (bazan faɗi inda yake ba, ya wuce) ya dafa ta yace Alaji wannan i7 ce, ko banki irinta suke amfani da ita. Jin i7 ɗin nan shikenan na miƙa kuɗi, ko rasit ban karɓa ba. Ta yi min aiki dai-dai gwargwado kusan shekara guda, sai lokacin da ɗalibai suke rububin haɗa furojet, wata safiya na danna ta taƙi shiga Windows, sai wani rubutu fari a baƙin sikirin. Na kira wanda ya sayar min yace in kawo gobe, goben nan ta zama jibi, jibi ta zama yaron da yake dubawa yayi tafiya. Ga mutane tsaye a ƙofar shago kowa na jiran aikinsa, wata baiwar Allah ma kuka ne kawai bata yi ba dan babi uku na furojet ɗinta a ciki suke kuma ta riga ta yaga na rubutun hannun. Cikin ruɗewa aka nuna min wani yaro wai ya iya, ya zo da filash ɗinsa a aljihu, yace Oga minti talatin ne. Kuma gaskiya ya cika alkawari, minti talatin kwamfuta ta tashi fes kamar sabuwa, ba komai a cikinta. Fomat yayi mata. Bai tambayeni ko akwai abu a ciki ba, ni kuma a lokacin ban san ana tambaya ba.

Daga baya ne na gane cewa abinda ya lalace Windows ɗin ne kawai, takardun suna nan lafiyarsu ƙalau, da wanda ya san aiki ne zai zare had dis ɗin ya jona a wata kwamfutar ya kwashe komai kafin ya taɓa ta, aikin da bai fi awa ɗaya ba. Zanen katin biki na kusan shekara guda da na tara a manhajar zane ta CorelDRAW, da furojet ɗin mutane, duk suka tafi. Sati biyu ina sake taifin kyauta ina ba mutane haƙuri. To kaga ba kwamfutar ce ta kasheni ba, hannun da na miƙa wa ita ne.

Shi yasa duk wanda ya tambayeni HP ko Dell sai ince masa wannan ce tambayar da tafi kowacce sauƙi. Kusan duk destof ɗin da muke saye a nan tokumbo ce, irin waɗanda kamfanoni da ofisoshi a Amurka da Turai suke sauyawa bayan 'yan shekaru, a loda su a kwantena su sauka Legas, su bi ta Computer Village a Ikeja, daga nan su iso Beirut Road da sauran shagunan garin nan. Waɗanda aka ƙera dan ofis su ake nema, wato Dell OptiPlex, ko HP ProDesk da EliteDesk, ko Lenovo ThinkCentre. Duk cikinsu babu ta yarwa, kuma dalilin da yasa nake son su ba wai suna ba ne, a'a kayansu ne birjik a kasuwa, in fanka ta mutu ko fawa fak ya ƙone zaka samu na canji a ranar, kuma da yawansu ko sukudireba ba ka buƙata zaka buɗe murfin. Wanne zaka ɗauka a cikin ukun? Wanda mai gyaranka ya fi sabawa dashi kuma yake da gawarsu a shago da zai ciri kaya. Shikenan.

Abinda ya kamata ka ɓata lokaci a kai shi ne lambar da take bayan i5 ko i7 ɗin, wadda masu sayarwa basa son a tsaya a kai. i7 ba shekara bace, ajin furosesa ne kawai, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, akwai i7 ta 2011 akwai ta shekarun baya-bayan nan. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ke faɗa maka janareshan, wato zubi na nawa ce (daga ta goma zuwa sama lamba biyun farko ake dubawa), misali i5-3470 ta uku ce, tun wajen 2012 aka yi ta, i5-8500 kuma ta takwas ce, 2018. Waccan tawa mai shuɗiyar fitila ashe ta biyu ce, tsohuwa ce aka yi wa kwalliya. Kuma maganar nan yanzu ta wuce ta sauri kawai, dan Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'idarta sai furosesan Intel daga janareshan na takwas zuwa sama da wani abin tsaro da ake ce wa TPM 2.0. Eh na sani, yaran kasuwa suna da dabarar da suke cusa 11 ɗin a kan tsofaffi kuma tana tashi, amma kwamfutar da zaka riƙa shiga banki da ita, ka ajiye lissafin shago, ban ga dalilin fara ta da dabara ba tun ranar farko. In kuɗinka ya kai, daga ta takwas ka fara. In bai kai ba ka sayi ta shida ko ta bakwai amma ka san abinda ka saya, kowa ya sayi rariya ai ya san zata zubar da ruwa, kar dai a karɓi kuɗin ƙwarya a hannunka.

Sai ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a lokacin, 8GB ya isa mai Excel da Word da intanet, mai zane irina 16 yafi kwanciyar hankali. Sai had dis, nan kam bana sassauci, SSD ko a fasa. Tsohon had dis faranti ne yake juyawa a ciki sau 7200 a minti da wata 'yar allura tana bin kansa, to ka ƙiyasta abinda ke faruwa duk sanda aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, a garin da za'a iya ɗaukewa sau biyar kafin azahar. SSD ba abinda ke motsi a cikinsa, kuma ya ninka wancan sauri, kwamfutar da take ɗaukar minti biyu kafin ta tashi sai ka ga ta tashi kafin ka gama gyara zama. Masu sayarwa zasu ce maka ga mai 1TB, wato wajen 1000GB, ga mai 256GB kuma kuɗinsu ɗaya, sai ido ya tafi kan babbar lambar. Ɗauki 256 ɗin in SSD ne. Lissafin shagon sari ko shekara goma zaka yi bazai cika shi ba, abinda ke cika kwamfutar shago finafinan yaron shago ne.

Ɗan kawun nawa ya tambayeni me yasa ba laftof ba tunda tana da batir. Tambaya ce mai kyau kuma ga wasu ita ce daidai. Amma laftof tana da ƙafa. Yau ka tafi da ita gida yara su kalli katun, gobe ƙaninka ya ara zai yi rijista, jibi an zuba mata shayi, in kibod ɗinta ya mutu sai an kwance ta gaba ɗaya, na destof kuwa ka zare ka jefar ka sayi wani a bakin titi. Ta shago a shago ya kamata ta kwana.

Maganar wuta kuma ita ce ta sa na canza ra'ayi a kan girma. Da ina ganin ƙatuwar ita ce mai ƙarfi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya koma lissafin abinda janareto ke sha, masu wutar lantarki ta Band A kuma a Afrilun 2024 aka kai musu yunit ɗaya naira 225, sai na fara kallon 'yan ƙananan nan da basu fi littafi girma ba, Dell suna ce musu Micro, HP Mini, Lenovo Tiny. Da caja suke aiki kamar laftof, yawanci mai wat 65, furosesan nasu zaka ga T a ƙarshen lambar, kamar i5-8500T, ma'ana mai cin wuta kaɗan ne, wat 35 maimakon 65. Ga mai ɗan inbata da sola wannan bambancin shi ne tsakanin ka kai magariba kana aiki da kuma batir ya fara ƙara tun la'asar. Illarsu dai biyu zuwa uku ce da ya kamata ka duba a gaban mai shago: da yawa ramin DisplayPort ne dasu ba VGA ko HDMI ba, in monitanka tsoho ne sai da ɗan abin haɗi, wasu kuma basu da wayarles a ciki sai ka sayi na sokawa ko ka jona wayarka da kebul, sannan ka tabbatar cajar asali ce aka baka ba jabu ba dan ita ce ranta.

UPS kuma ba kwalliya bane, kuma ba inbata bane, mutane suna haɗa su. Ƙaramin nan mai 650VA batir ɗaya ne a ciki mai bolt 12, aikinsa ya riƙe ka 'yan mintuna ka ajiye abinda kake yi ka kashe ko a tada janareto. Batirin nasa yana gajiya, a zafin garin nan ma da wuri, ranar da ka ga an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu tare da fitila to batirin ne, canza shi ake yi ba sai an sayi sabon UPS ba. Kuma dan Allah kar ka jona firinta mai leza a jikinsa, lokacin da take ɗumama kanta tana jan wutar da ta fi ƙarfinsa nesa. Wani abu kuma da ya kusa cin wani maƙwabcina, wasu tsofaffin manyan da suka zo daga Amurka akwai ɗan jan makunni a bayansu an rubuta 115 da 230, mu wutarmu 230 ce, in yana kan 115 ka soka sai dai kaji tas da ƙauri. Sababbin basu dashi, amma duba bayan ba zai ci maka komai ba.

In kaje saye kar ka yarda da takardar da aka manna a jiki, ka sa a kunna. Danna Ctrl da Shift da Esc tare ka shiga inda aka rubuta Performance, zata nuna maka furosesa da ram da irin dis ɗin da ke ciki da bakinta. Akwai wata 'yar manhaja kyauta CrystalDiskInfo, tana faɗin lafiyar dis da awa nawa yayi yana aiki a rayuwarsa, mai gyaran kirki baya rabuwa da ita a filash. In Dell ce akwai lamba mai harufa 7 a jiki, ka saka a shafinsu zai nuna maka yadda ta fito daga kamfani, sai ka gane ko an zare wani abu an musanya. Ka sa a shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a gabanka dan wasu suna zuwa da fasuwod ɗin kamfanin da ya yar dasu. Ka soka filash a kowane rami. Ka barta a kunne kuyi hira ta minti ashirin ka saurari fankar. Sannan a rubuta maka a rasit da lambar jikin kwamfutar da kwana nawa ne garanti da kuma me ya ƙunsa, dan "ai muna tare Alaji" ba garanti bane, na gwada.

To yanzu ga asalin maganar. Injiniyan da nake aiki dashi yau ba a shagon sayar da kwamfuta na same shi ba. Wata makaranta mai zaman kanta ce a unguwarmu na lura kwamfutocinsu kullum suna aiki, na tambayi mai kula da ofis ɗin wa ke duba musu, ya bani lamba. Ranar farko da ya zo na gwada shi da wata tsohuwa da ta ƙi tashi, kafin ya taɓa komai yace Oga akwai abinda kake buƙata a ciki? Kuna da kwafinsa a wani wuri? Wallahi a nan na san na samu mutum. Duk mai gyaran da kalmar fomat ce ta fara fita daga bakinsa ka bashi kuɗin mota ya tafi.

Mun yi yarjejeniya, ba wani lauya, a takarda guda muka rubuta kowa ya riƙe kwafi. Ina bashi wani abu duk wata ko an samu matsala ko ba'a samu ba, shi kuma yana zuwa sau ɗaya a wata, in na kira a lokacin aiki zai zo a ranar ko ya turo yaronsa, in gyara zai wuce kwana ɗaya yana ajiye min wata in riƙa lallaɓawa, kayan da za'a canza ni ke biya amma sai ya faɗa min kuɗin kafin ya saya kuma ya dawo min da mataccen. Wannan na ƙarshen ba rashin yarda bane, shi da kansa ya kawo shi, yace yafi masa sauƙi kar wata rana shaiɗan ya shiga tsakani. Da farko kuɗin watan nan yana min ciwo musamman watan da komai lafiya, sai inga kamar sadaka nake yi. Amma ka lura da abu ɗaya, wanda kake biya sai ta lalace, lalacewarta ce abincinsa, wanda kake biya duk wata kuwa zaman lafiyarta ne hutunsa. Ni ban ce masu gyara mugaye bane, a'a, kawai dai gara ka ɗaura mutum a inda amfaninsa da naka suka fuskanci gabas ɗaya.

Me yake yi in yazo? Ba wani abin mamaki. Lokacin hunturu ya fitar dasu waje ya busa musu iska, ƙurar da ke fita daga cikin kwamfuta ɗaya a watan Janairu sai ka rantse buhun siminti aka zazzage. Kafin zafin Maris da Afrilu ya duba fanka, in ta kama ya sake shafa man nan na kan furosesa. Ya gwada UPS ta hanyar zare shi daga bango yana kallon agogo. Akwai sanda kwanan wata ya riƙa komawa baya kullum, shafukan intanet suka ƙi buɗewa, ni har na fara lissafin sabuwa, ashe ɗan batirin nan ne mai kamar kwabo CR2032 da ke kan bod, ya canza shi a tsaye. Ƙananan matsaloli kuma ko zuwa baya yi, ta manhajar AnyDesk yake shiga kwamfutar daga inda yake, in karanta masa lamba in amince sannan ya shigo ina kallon abinda yake taɓawa. Wannan lambar kuwa banda shi bana ba kowa, duk wanda ya kira ka yace daga banki ne ko daga kamfani ka saka wannan manhajar, kashe wayarka.

Sannan amana. Kwamfutar shago irin nawa cike take da hotunan fasfo na mutane, da takardar NIN, da sakamakon jarabawa, da takardun asibiti ma wani lokacin. Ta mai sari kuma sirrin kasuwarsa ne gaba ɗaya, wa ake bi, nawa ake sarowa, nawa ake ci. Mai gyara yana ganin duk wannan in ya ga dama. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, amma ni tun kafin doka kunyar idon kwastoma ta isheni. Dan haka in zai yiwu a gabanka ake gyara, in dole sai an tafi da ita to ka san gidan mutumin ba shagonsa kawai ba. Kuma fasuwod ɗin imel da na banki naka ne kai kaɗai, injiniya baya buƙatarsu dan ya gyara fanka. Yaron shago ma a buɗe masa nasa ɓangaren daban wanda bazai iya saka manhaja ba, rabin bairos ɗin da muka sha fama dashi daga filash ɗin kwastoma da wasannin da yara ke saukewa ne.

Kwafi kuwa yanzu wuri uku nake ajiyewa, abinda ya cije ni sau ɗaya bazai sake ba in sha Allah. Ɗaya a kwamfutar, ɗaya a had dis na waje da nake jonawa duk Alhamis da yamma in kwafe in zare in tafi dashi gida, dan wanda aka bari a jone kullum in wuta ta yi tsalle ko gobara ko ɓarawo tare zasu tafi, muhimman kuma suna Google Drive, 15GB suke bayarwa kyauta kuma takardu basu da nauyi. Injiniya duk zuwansa sai ya buɗe fayil ɗaya daga cikin kwafin ya gani ko yana buɗuwa, yace ya sha ganin masu kwafin da sai ranar buƙata ake tarar da fanko.

Satin da ya wuce muka je da ɗan kawun nawa, na sa ya ɗauki injiniyan ya biya shi kuɗin rakiya, yana ta ƙunƙuni a Keke wai kuɗin da zai ƙara ya sayi babban monita. Shago na biyu da muka shiga aka fito mana da wata an manna mata takarda i5 ta takwas ram 8 SSD, injiniya ya kunna ya danna maɓallan nan uku, sai ga ta shida da tsohon had dis, mai shagon yace au yaro ne ya manna takardar wata a jikin wata. Muka ce ba komai Allah ya kawo kasuwa. A shago na huɗu muka ɗauki 'yar ƙarama mai i5-8500T, da UPS, da monita na hannu inci 22. Muna fitowa yaron nan ya ja hannun injiniya gefe, ina jinsa yana cewa Malam wai nawa Yaya yake baka a wata, ni ma shagona bashi da nisa da nasa.